Karen da Aka Hana Barci

Makullin mota da ya manta ne ya mayar da Malam ɗakin fiɗa bayan magariba. Shi ke koya wa ɗaliban likitancin dabbobi allurar barci a jami'a, kuma wallahi mutumin nan ba ɗigon imani a ransa. Allurai biyu ne a aikin, ɗaya ta sa barci, ɗaya ta sandarar da jiki kawai. Da hantsin ranar, allura ta biyun kaɗai ya danna wa wani jan kare da aka kamo a bola, wai don yara su ga bambanci da idonsu. Ya sa aka tsaga cikinsa.

"Malam, hawaye fa yake yi," in ji wata ɗaliba.

"In tausayi kika zo karanta, ga ƙofa can. Ba ya ji."

Karen bai kai la'asar ba.

Yanzu barandar tsit, kowa ya watse. Warin maganin wanke kayan aiki ya tare shi, a ƙarƙashinsa kuma wani ƙarni irin na jiƙaƙƙen gashi. Babbar fitilar fiɗa a kunne take. Ga ɗalibai sun kewaye teburin ƙarfe, fararen riguna, takunkumi a fuska.

"Uban wa ya buɗe muku nan?"

Sai ya ji haki. Irin hakin nan na mai zaro harshe. Ya kai ido ƙasa. Ba takalmi ko ɗaya, farata ne ke ƙas-ƙas a kan siminti.

Ya juya zai zura, wani abu ya cake shi a wuya. Jikinsa ya sandare, ya zube ƙasa. Ya san allurar, ai shi ke koyar da ita.

Suka shimfiɗe shi a tebur. Sanyin ƙarfe ya ratsa bayansa. Yana ji an yage rigarsa, an shafa masa ruwa mai sanyi a ciki. Ya so ya yi salati, harshe ya ƙi.

Ɗaya ya matse masa ɗan yatsan ƙafa da almakashi, kamar yadda yake nuna wa yara.

"Hawaye yake yi," aka raɗa.

"Ba ya ji."

Muryar shi Malam ɗin ce, sak.

Aska ta sauka ƙasan cibiya. A hankali, ba gaggawa.

Numfashi ya fara ƙin shiga.

Can ƙofa ta yi ƙara. Maigadi ne ya hango haske, ya shigo da sallama. Ba kowa a ɗakin sai Malam a miƙe, ido buɗe, jini na ɗiga ƙasa. Dattijon ya kwarma ihu, aka kwashe shi sai asibiti.

A can aka ga abin da ya fi ƙarfin likitoci. Sun ɗura masa allurar barci har iyakar abin da jikin mutum ke ɗauka, ido ƙyar. Suka gwada ta kashe zafi, kamar ruwa suka zuba. Ga jini na tafiya, ba halin jira. Ƙarti suka danne shi aka ɗinke cikin, ana jin kukansa har bakin titi.

Ya rayu, amma bai sake taka jami'ar ba. Bara hoton asibiti ya nuna ƙari a hanjinsa. Likitan ya ce ba makawa sai an buɗe.