Mai Zama a Asusun Nuratu

Ku matso, ku rage murya. Mudassir na nan da ransa a Zariya, amma kada wanda ya tambaye shi wannan zance.

A sashen kwamfuta na wata kwaleji yake aiki. Hukumar makarantar ta ce a kwashe asusun kowane ma'aikaci a kai rumbu guda, suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya, kuma kada a ɓatar wa kowa ko da hoto guda. Sai dai sabon rumbun masu rai kawai yake karɓa. Na mamata rufewa za a yi.

Cikin mamatan akwai matarsa Nuratu, ma'aikaciyar ɗakin karatu, wadda ta rasu wajen haihuwa tare da jaririyar. A asusunta akwai hotunansu, da muryarta tana karanta wa ɗalibai makafi littafi. Kullum in an tashi aiki sai ya kunna ya saurara.

Ya kwashe na kowa, ya bar nata ƙarshe. Niyyarsa ya mayar da kayanta cikin nasa asusun kafin ya rufe. Aka kira magariba, abokan aiki suka tafi masallaci, ya ce su yi gaba.

Fanka ta tsaya, alhali akwai wuta. Ƙamshin humra ya cika ofishin.

"Abban Jiddah."

Sunan da take kiransa ke nan, na 'yar da ba su samu sun raɗa wa ba. Ban da su biyu babu wanda ya sani.

A bakin ƙofa ga wata tsaye, da fuskar Nuratu da mayafinta ruwan toka. Leɓenta na motsi, amma maganar daga lasifikar kwamfuta take fitowa. Ya dubi ƙasa. Mayafin ya ƙare, tsakaninsa da siminti babu komai.

"Ke ba ita ba ce," in ji shi.

"A'a. Asusunta na samu kango, na shiga. Yanzu za ka rushe min."

"Me kike so?"

"Ka sa ta cikin masu rai, in bi ta can. Kullum sai in yi maka magana da muryarta. Har sabuwar magana, wadda ba ta taɓa faɗa ba."

Hannunsa ya kai kan madannai. Hawaye ya hana shi ganin allo. Ya tuna rumbun nan ƙofa ɗaya gare shi, kuma bayanta asusun kowa ne, daga shugaban makaranta har masu shara. In ta shiga, ta shiga na kowa.

"Nuratu tana gaban Ubangijinta," ya ce. Ya fara Ayatul Kursiyyu.

"To zan tafi da abin da na saba da shi."

Fanka ta ci gaba da juyawa. Ya fita a guje ba takalmi.

Da safe kowa ya shiga sabon rumbu lafiya, ba abin da ya ɓata. Mudassir ya buɗe na Nuratu. Hotunan suna nan, da wurin da take tsaye, babu ita. Ya kunna muryar, sai hucin iska.

Ya rufe ido ya nemi muryar a zuciyarsa. Can ma babu. Har yau yana tuna duk abin da ta taɓa faɗa masa, amma ba ya jin yadda ta faɗa.

Don haka in magariba ta yi, ku bi jama'a. Kada ɗayanku ya zauna shi kaɗai yana buɗe abin da mamaci ya bari.