Adaidaitar Zulaiha

"Ba ni mukullina, Zailani!"

Ko kallona bai yi ba, sai jujjuya mukullin yake a yatsa, 'yan acaɓar tashar Rurum suna ta shewa. A bayana 'yan mata biyar ne cunkushe a adaidaita, ƙarfe tara za su fara jarrabawar fita sakandare a Rano.

"Doka ce, Zulaiha," in ji Zailani, mai kula da layin tashar. "Wanda ba shi da lambar ƙungiya ba ya ɗaukar fasinja a tashar nan."

Wata huɗu ina jigilar yaran nan, dokar ba ta tuno da ni ba sai yau! Ni na san ciwonsa. Tun da na ƙi shi na zaɓi Mukhtar yake neman inda zai kama ni.

Iyayen garinmu sun rantse 'ya'yansu mata ba za su hau bayan namiji a babur ba, makaranta kuwa ta yi nisa da ƙafa. Yawanci da zarar yarinya ta fara girma sai zaman gida. Na bi gida-gida ina roƙonsu har takalmina ya tsinke, amsar ɗaya ce: in da mace mai tuƙi, da sun bari. Sun ɗauka sun rufe min baki ke nan. Ƙungiyarmu ta mata ta samo tsohuwar adaidaita, Mukhtar ya koya min tuƙi a filin ƙwallo.

Sai ga Mukhtar ɗin ya faka babur ɗinsa, fuskar nan ba annuri.

"Zuly, sauko na kai su."

"Kalli can," na ce.

Malam Mato, baban ɗaya daga cikin yaran, har ya matso yana gyara hula. "Jummai! In namiji zai ja, sauko mu tafi gida!"

Jummai ta fashe da kuka ta ƙanƙame hijabina.

Mukhtar ya sunkuyo, ya rage murya. "Baba ya yi magana jiya. Ya ce ba zai haɗa zuri'a da direba ba. In kika sake jan motar nan, a manta da ranar da aka sa."

Saura sati uku ɗaurin aurenmu.

"Kai fa... me ka ce?"

"Me zan ce wa mahaifina, rabin raina?"

Wallahi ina son Mukhtar, son da ko a gaban Inna ba na iya ɓoye shi. Amma a lokacin haushinsa na ji har wuya.

"To ka gaya wa Alhaji na ji. Yaran nan shekara shida suna jiran safiyar yau. Ko a ƙafa ne sai na kai su!"

Ya zuba min ido. Takwas da kwata. Hawaye na neman tona min asiri, na danne.

Sai ya juya wajen Zailani. "Lamba ka ce?"

"Lamba."

Mukhtar ya tuɓe rigar ƙungiya mai lamba sha bakwai ya miƙo min. "Na bar mata tawa."

Na miƙa hannu na karɓa.

"Ka san mutum ɗaya lamba ɗaya," in ji Zailani. "Ka fita daga layi ke nan, kai da sana'a a tashar nan har abada."

"Na sani. Ba ta mukullinta."

Shugaban tasha ya gyaɗa kai. Zailani ya wurgo mukullin ƙasa, Mukhtar ya ɗauka ya goge da hannun rigarsa ya sa min a tafi.

"Mukhtar..."

"Tafi mana, sarauniya! Lokaci!"

Na zura rigar a kan hijabi, tana warin fetur da zufarsa. Yadda na yi gudu ranar, Allah ne kawai ya tsare. Tara saura minti biyar yaran suka ruga cikin makaranta, ni kuwa na kifa kai a sitiyari na yi kukan aurena son raina.

Da la'asar muka dawo. Tun daga nesa na hango Alhaji Gwadabe, mahaifin Mukhtar, tsaye a bakin tasha, ɗan nasa a bayansa kai a ƙasa. Na sauko na durƙusa.

"Barka da yamma, Baba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kin raba ɗana da sana'arsa."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ya kuma tsaya ya ja da ni yau, abin da bai taɓa yi ba. Wai ni da bakina na ce in da mace mai tuƙi, da ban cire ƙanwarsa Afra'u daga makaranta ba." Ya kau da kai. "Na faɗa. Ban zaci za a samu ba ne."

Ban iya ɗago kai ba.

"Har yanzu ban ce ina son abin nan ba. Amma ni ba na magana biyu. Rana tana nan yadda aka sa."

Na ji Mukhtar ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Alhaji ya leƙa cikin adaidaitar, ya daddanna kujerar baya, ya ja tsaki.

"Ranar Litinin ki biyo ta ƙofar gidana. Kuma ki rage gudu, 'yata za ki ɗauka."