Abin da Guduma Ba Ta Fasa Ba

Da hantsi aka kira Sufeto. An tsinci gawar malamin lissafi a ɗakin karatunsa, an rotse masa ƙeya. A kan tebur ga laftof ɗinsa, gilashin ya yi raga-raga, ga guduma a gefe.

Gudumar ta maigadi ce, don haka tuni kofur ya jefa tsohon bayan kanta.

"Yallaɓai, a bakin ƙofa nake ajiye ta, kowa ɗauka yake yi," in ji maigadi.

Ƙanin mamacin kuwa cewa ya yi, "Rabona da Yaya tun makon jiya."

Sufeto ya ƙura wa laftof ido. Duk saran a gilashi ya sauka, musamman saitin kyamara.

"Hajiya, me yake yi da ita da safe?"

"Darasi yake ɗauka a bidiyo, saboda ɗalibansa," in ji matar mamacin.

Sufeto ya ɗauki laftof ɗin, bai tsaya ba sai shagon mai gyara.

"Yallaɓai, wannan ai sai dai a yi mata sutura."

"Ba gawar nake so ba, cikinta nake so."

Mai gyara ya kwance ƙusoshi, ya zaro ma'ajiyar bayanai, wani ɗan ƙarfe kamar tafin hannu, ya jona da wata kwamfuta. Bidiyon ƙarshe ya ƙi buɗewa.

"Ya lalace."

"Sake gwadawa."

"Yallaɓai, ko abinci ban..."

"Akwai tsohon da ke kulle kan laifin wani. Sake!"

Sai bayan la'asar hoto ya fito, yana yankewa.

A ofis, Sufeto ya zaunar da ƙanin, ya kunna masa. Ga malam yana bayani a gaban allo, sai ya waiwaya: "Auta, na gaya maka, ba za a sayar da gida Inna tana ciki ba." Sai fuskar ƙanin ta cika hoton, da guduma a hannu.

Ƙanin ya zabura. "Amma... ai na fasa ta! Na ga kaina a gilashin, na farfasa shi!"

"Gilashi taga ce kawai. Ajiyar tana ƙasa."

Ƙanin ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Raina ne ya ɓaci."

Kofur ya sa masa ankwa ya tasa ƙeyarsa. Sufeto ya karɓi makulli, ya buɗe wa maigadi da hannunsa.

"Baba, fito. A yafe mu."