Tumbin Aro

Saura kwana uku a yi liyafar Kirsimeti ta ma'aikata, da ƙarfe biyu na rana, aka buga waya caji ofis daga wani kamfanin matse lemu da ke bakin kogi a Makurɗi. An sace sabon janareto daga sito.

Sufeto Tartenger ya iso ya tarar an rataya balan-balan, an ɗaure awaki biyu a gindin mangwaro. Matan da suka wuni suna gardamar ko sakwara za a daka ko shinkafa za a dafa duk sun yi tsit.

"Janareton nan kyautar gwarzon ma'aikacin shekara ce," in ji manaja, Madam Ochanya. "Kuma mun san ɓarawon. Ga shi can."

Ta nuna wani dattijo a kan benci. Baba Iorwuese ne, direban kamfanin, shekara ashirin da tara yana aiki, watan gobe zai yi ritaya. Kowace shekara shi ke sa jajayen kaya da farin gemu ya zama Baban Kirsimeti ya raba wa 'ya'yan ma'aikata kyauta, don Allah ya hore masa tumbi.

"An riga an buga takardar korarsa," in ji ta. "Kana tabbatarwa zan sa hannu."

"Ajiye biron tukuna, Madam."

Mutane haka suke. Shekara ashirin da tara ta gaskiya, awa ɗaya ta ishe su su manta da ita.

Sufeto ya fara da mai gadi, Orduen.

"Da idona na gan shi, yallaɓai. Sha biyu da rabi, duk an tafi cin abinci. Ya fito sanye da jajayen kayan nan, buhu a kafaɗa. Na ɗauka gwaji yake yi."

"Fuskarsa ka gani?"

"Na gani."

"Wane ɓangare?"

Orduen ya sosa ƙeya. "To... gemu na gani. Da hula. Da tumbi."

"Me ya ce maka?"

"Ai abin da ya ba ni haushi ke nan. Ko *msugh*, sannun nan tamu ta Tibi, bai ce min ba. Mutumin da kullum sai ya tsaya ya gaishe ni, ya tambayi ƙafata, ya zagi ƙungiyar ƙwallona!"

An tsinci jajayen kayan a bayan katanga, kan tarin ɓawon lemu. Sufeto ya ɗaga rigar, ya ji ta jiƙe da gumi. Da ya sake ta sai ya ga tafin hannunsa ya yi ja.

Ya sa aka kira sakatariyar kwamitin liyafa, Sewuese.

"Wa ke kula da kayan nan?"

"Ni ce. Yadda aka ajiye su bara, haka suke."

Ya buɗe mata tafinsa. "Kayan bara ba sa zuba."

Ta sunkuyar da kai. "Na wanke su da sinadarin farin kaya, suka koɗe. Tsoron faɗan Madam ya sa na rina su a gida ranar Litinin. Don Allah kar ka gaya mata."

"Wa ya san an rina su?"

"Babu kowa."

Ya koma wurin dattijon. "Baba, ina kake da sha biyu da rabi?"

"Cikin mota, ɗana, a inuwa. Na ci doya, barci ya ɗauke ni. Ba ni da shaida sai ƙudaje."

"Cire riga."

Baba Iorwuese ya cire ba musu. Singiletinsa fari fat, wuyansa babu ɗigon ja. A zafin Makurɗi, ba mai sa wannan riga minti goma ya fito haka.

Sufeto ya juya rigar. A cikinta, daidai wajen tumbi, ya ga igiyar leda an ƙulla, da ɓurɓushin soso a jikinta.

"Kana cusa wani abu idan za ka sa?"

Dattijon ya shafa cikinsa. "In cusa me, a ina? Ni da maɓallin ma da ƙyar yake shiga."

"Makullin sito fa?"

"Biyu ne. Ɗaya a wurina saboda kayan nan. Ɗaya wurin shugaban kwamiti."

Shugaban kwamiti shi ne Mista Terzungwe, jami'in kasuwanci, siriri kamar sanda. Sufeto ya same shi a ofishinsa yana tsara wa zai zauna a babban tebur. Fanka na juyawa, shi kuwa ya sa riga mai dogon hannu, ya maƙale maɓalli har maƙogwaro.

"Abin takaici ne, Oga," in ji shi. "Tsoho da jikoki. Amma doka doka ce."

"Ina kake da sha biyu da rabi?"

"Unguwar Wurukum. Na je ganin masu kiɗa."

"Sunan mai kiɗan?"

"Ban same shi ba."

"Ba ka jin zafi?"

"Mura nake yi."

Sufeto ya fita ya dawo da Madam Ochanya, ya rufe ƙofa.

"Madam, wa za a ba janareton?"

"Sirri ne sai ranar liyafa."

"Yau ba sirri."

"Baba Iorwuese ne. Shi ya sa abin ya ƙona min rai."

"Ban da ke, wa ya sani?"

"Babu... sai wanda na ba sunan ya kai a rubuta a allon yabo." Ta juya a hankali ta dubi Terzungwe.

"Tashi," in ji Sufeto.

"Oga, ban gane ba."

"Kujerarka nake so."

Ya tashi. Sufeto ya ɗaga matashin soson da ke kan kujerar, ya juya shi. Ƙasansa ya rine ja, ga sawun igiya a tsakiya.

"Ga tumbin. Saura wuya. Ɓalle maɓallin."

Ya ɓalle. Jan zobe ya kewaye wuyan, an goge shi da sabulu har fata ta kumbura, bai fita ba.

"Ina janareton?"

"But ɗin motata." Muryarsa ta tashi. "Madam, shekara shida ni ke haɗa liyafar nan! Ni ke neman akuya, ni ke neman kujeru, ni ke shan zagi in nama bai kai ba. Sannan a ba ni sunan direba in kai a rubuta da ruwan zinare? Direba!"

"Janareton kake so?" in ji Sufeto.

"Ina da wanda ya fi shi a gida."

"Na sani. Sunan tsohon ka zo sata."

Da janareto kawai ya ɗauka, da ɓarawo ne kamar sauran ɓarayi. Shi kuwa ya zauna ya tsara yadda dattijo zai koma gida da kunya a gaban jikokinsa, don kawai kar a tafa masa. Wannan ya fi sata muni.

Aka sa masa ankwa, aka bi da shi ta ƙarƙashin balan-balan ɗin da shi ya sa aka rataya. A bakin ƙofa Orduen ya leƙa tagar motar.

"Oga Terzungwe, yanzu ma ba gaisuwa?"

Madam Ochanya ta yaga takardar kora a gaban kowa, ta rusuna. "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe, 'yata. Amma sakwara za a daka. Kar in ga shinkafa."

Ranar Juma'a aka yi liyafa. Jajayen kayan suna caji ofis a matsayin shaida, don haka Baba Iorwuese ya raba kyauta cikin tufafinsa na zuwa coci. Babu gemu, babu hula. Yara ba su damu ba, suka yi ta rungumar tumbin. Wannan dai nasa ne.