Akwatuna Masu Ƙoƙon Kai

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai ya sha dalma!"

Dramani ke nan, shugaban 'yan fashi, yana kumfar baki a ƙofar siton masu gyaran hanya da ke bayan unguwar Tishigu. Kowan nan kuwa mutum ɗaya ne, Baba Sidiki mai gadi, wanda dama a kwance suka same shi. Juma'a ce, leburori na masallaci, Baturen aikin na gida yana hutawa daga gajiyar ba da umarni.

Imoru ne ya kawo aikin. Shi ne mai fentin siton kafin a kore shi, kuma ya san dabarar gidan. Duk akwatin da aka cika da sukari ko atamfa, sai a sa shi ya zana masa ƙoƙon kan mutum da jan fenti, don leburori su ji tsoron taɓawa. Gwanin wayo, har ƙanensa Seidu direba ya jawo ya tuƙa musu mota, mutumin da ko goro bai taɓa sata ba.

"Masu kan mutuwa kawai za ku ɗauka!" in ji Imoru. "Sauran tarkace ne!"

Suka yi ta lodi. Baba Sidiki ya ɗago kai.

"Imoru, ɗana, akwatin nan..."

Tim! Dramani ya kwantar da shi da gindin bindiga. "Wa ya tambaye ka, tsoho?"

Imoru ya koma ciki ɗauko na ƙarshe, sai ya ji mota ta tashi. Ya fito da gudu. Wani ɗan fashin ya ɗora wa Seidu bindiga a wuya, Dramani kuwa ya hakimce a kan akwatuna, sigari a baki.

"Mai fenti, mun gode!" ya ɗaga masa hannu. "Rabonka na wurin Allah!"

'Yan sanda suka iso a kan lokacinsu, wato bayan komai ya wuce. Saja Mamudu ya jingine kekensa, ya cafke Imoru a kwala. Aka yayyafa wa Baba Sidiki ruwa ya farfaɗo.

"Abin da na so na faɗa maka ke nan," ya ce wa Imoru. "Sabon Massa, Baturen nan, ya zo bayan ka tafi. Ya ce alama ba wasa ne ba, ya goge ƙaryanka duka. Yanzu inda ka ga kan mutuwa, mutuwa ne a ciki. Nakiyan fasa dutse."

 Imoru ya zube ya riƙe ƙafar Saja.

"Saja, hanyan Salaga suka bi! Ka bi su, don Allah! Ka kama ƙanena, ka ɗaure shi, ka yi masa bulala, kawai ka sauke shi daga motan nan!"

"Oho! Yau ɓarawo ke koya mini aiki?" Saja ya yi dariya, ya shiga laluben igiya a aljihu cikin natsuwa. "Sai na gama da kai tukuna."

Duuum!

Ƙasa ta girgiza, kwanon siton ya amsa, keken Saja ya faɗi. Can kudu baƙin hayaƙi ya miƙe sama.

Saja ya cire hularsa, ya kalli hayaƙin, ya mayar. "To, an hutar da mu gudu."

Imoru bai yi kuka a nan ba. Da kansa ya miƙa hannuwa aka ɗaure. Da yamma Bature ya zo ya yi jimamin akwatunansa ƙwarai. Seidu kuwa, ba a sami abin da za a yi wa wanka ba.