Mai Kunna Kwamfuta

Da injiniya ya haɗa na'urar da ke ba shi damar juya kwamfutar ofis daga gida tun kafin ta gama tashi, sai ya ce wa manaja ba a buƙatar Baba mai kunna ta. Aka sallami tsohon. Bayan wata biyu ya rasu, kunya ta hana injiniya zuwa gaisuwa.

Ran nan duhu ya shiga, injiniya yana aiki daga gida, kwamfutar ta maƙale a baƙin allo mai jerin rubutu. Bai taɓa komai ba, sai ga alamar zaɓi tana sauka layi-layi, kamar mai bin rubutu da yatsa. Makullin ɗakin da kwamfutar take kuwa yana aljihunsa.

Sai ga kira daga wayar ɗakin. Aka yi tarin nan na Baba da ya sani.

"Ɗana, in danna?"