Lafiyarta Ce Hujjarsu

Amarya tana wanke kwanuka a tsakar gida sai ga surukarta Inna ta fito daga ɗakin ma'auratan, riƙe da robar maganin ɗanta da yatsu biyu kamar ta ɗauko mataccen ɓera.

"Har yau ana shan gubar nan a gidan nan?"

Amarya ta sunkuyar da kai. Mijinta kafinta ne, ɗan farin Inna. Ba a daɗe da aurensu ba ya je bai wa abokin aikinsa jini, aka gano ƙwayar cutar ƙanjamau a jikinsa. Ita kuwa an gwada ta, an sake gwadawa, ba a ga komai ba. Danginta suka ce ta fito, ta ce tana son mijinta. Tun daga nan yake shan magani kullum, ya murmure, ya yi kyau.

Ana cikin haka ya shigo, garin katako a gashinsa. Inna ta nuna shi.

"Ku dubi yaron nan, kumatu kamar na jinjiri! Ga matarsa, ɗaki ɗaya, gado ɗaya, ƙalau take. Da yana da abin nan, ita za ta tsira? Ƙarya injin gwajinsu ya yi!"

Auta, ƙanwarsa, ta leƙo da waya a hannu. "Inna, filis, likita fa cewa ya yi—"

"Rufe min baki, 'yar boko! Wa zai aure ki in aka ga robar nan a gidanmu?" Ta juya ga ɗanta. "In ka sake haɗiyar ƙwaya ɗaya, ban yafe maka nonon da ka sha ba!"

Amarya ta san amsa. Nas ta taɓa zaunar da su ta ce cutar nan tana farawa da ɗan zazzaɓi, sannan ta yi lamo shekaru mutum na ganin kansa garau, alhali tana cin garkuwar jikinsa kamar gara a cikin katako. Maganin ne ke danne ta, har ta kasa tsallakawa jikin wani. Amma yaya za ta ɗaga ido ta musa wa uwar miji?

A ɗaki ta riƙe gefen rigarsa. "Maigida, don Allah..."

"Haba Kurmata, yau kuma kin yi baki?" Haka yake tsokanarta saboda rashin yawan maganarta. Ya yi murmushin yaƙe. "Bari ta huce, zan koma sha. Kin fi son in mutu da fushin uwa?"

Watanni suka shuɗe bai ko yi mura ba. Inna na shiga tana fita tana cewa, "Ina masu injin? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi!" Har shi ma ya fara yarda. Abu ɗaya Amarya ta dage a kai, kariyar da nas ta koya musu tsakanin miji da mata. Ya yi fushi, ya yi kwanaki ba ya kula ta, ta shanye.

Ita ta fara gani. In ta zo gyaran gado da safe, matashinsa a jiƙe yake sharkaf da zufa. Ya riƙa tsakurar abinci yana turewa, ya riƙa zaryar banɗaki. Wata rana yana hamma ta hango fari-fari a harshensa. Sai tari ya zo ya zauna. Wandunansa suka soma zamewa, ta riƙa rage ƙugunsu a keken ɗinkinta in ya fita, don kada ya ji kunya.

"Ciwon shawara ne," in ji Inna, ta kawo jiƙe-jiƙe.

Mahaifiyar Amarya ta zo dubiya, ta ja ta gefe. "Ɗauko mayafinki mu tafi. So kike ki bi shi kabari?"

"Umma, in na tafi wa zai kula da shi?"

"Uwar da ta hana shi magani mana!"

Umma ta tafi ba sallama. Amarya ta koma ta ci kukanta a bayan ƙofa.

Wata rana da hantsi abokan aikinsa suka shigo da shi ranga-ranga, wai ya faɗi a kan teburin aiki da zarto a hannu. Aka kwantar da shi, numfashinsa na fita da ƙyar. Auta ta fashe da kuka, "Yaya! Wayyo Yaya! A kira mota mana!" Ya girgiza kai. Ba zai je ba, Inna ba ta janye ba.

Inna ta nufo ɗakin da kofin jiƙo. Amarya ta zube a gabanta, ta tare ƙofa.

"Inna, ki yafe min, ban taɓa mayar miki da magana ba. Kullum ni kike nunawa, kina cewa ga ni lafiya. Wallahi ikon Allah ne da maganin nan suka tsare ni. Yana sha, cutar ta kwanta. Ya daina, ta tashi. Ni ce hujjarki, Inna, to ga hujjar ta durƙusa tana roƙonki. Ba zai sha ba sai kin ce. In ya mutu, da biyayyarki zai mutu!"

Inna ta raɓa ta ta shiga. Ta tsaya a kan ɗanta, ta dubi ƙasusuwan wuyansa kamar yau ta fara ganinsu. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Inna... kin yarda in sha?"

Kofin ya suɓuce daga hannunta.

"Sha, ɗan nan! Na janye, na yafe! Ku kira motar!"

Ya daɗe a gadon asibiti. Likita ya ce tarin fuka ne ya samu ƙofa a buɗe, da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Aka sake gwada Amarya, Allah ya kare ta.

Ya rayu, amma huhunsa bai koma daidai ba. Mutumin da ke saɓa katako shi kaɗai, yanzu a zaune yake haɗa 'yan kujeru a ƙofar gida, yana yi yana hutawa. Inna ta rage magana. In ya yi tari sai ta tashi ta shige ɗaki.

Wata safiya Amarya na shara a kusa da shi, ya kira ta a hankali.

"Kurma, ashe da ba ki yi magana ba da yanzu an manta da ni."

Ta share ido da gefen zane. "Da na yi ta da wuri, da ba ka rasa ƙarfinka ba."

Haka Allah ya bar mata mijinta saboda haƙurinta. Sai dai 'yan'uwana mata, mu sani: ƙiba ba warkewa ba ce, lafiyar mata kuma ba shaidar miji ba ce. Kunya ado ce, amma in rai na cikin haɗari, a buɗe baki tun da sauran lokaci.